Ƙwayar lido daga tsohuwar taɓarya

Idon Baba bai tafi rana ɗaya ba. Da farko gefe-gefe ne ya rufe, yana ganin abin da ke gabansa kamar mai leƙe ta bakin tulu, daga baya bakin tulun ma ya toshe. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma mun zo a makare. Baba ya saurara har ƙarshe, ya yi hamdala, sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa, don kada la'asar ta same mu a asibiti. Ba sallar kaɗai yake gudun rasawa ba. Bayan la'asar ake zaman wasan lido.

Malamin lakwal ne shi, wato makarantar boko. Ya yi shekara da shekaru yana koyar da lissafi, daga Afala zuwa Tebaram zuwa Takanamat, kafin ya ajiye alli ya dawo gidanmu na Tawa. Kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamin lakwal da bakin Faransanci, har waɗanda suka girme shi. Tun da ya ajiye aiki, kullum in an sallame la'asar sai a shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron ƙofar gida, abokansa uku su hallara. Akwai tsohon tela, akwai tsohon direban babbar mota, sai wani dattijo mai rawani daga arewa, wanda shayi ke hannunsa kuma ba ya son yawan magana. Ba caca suke yi ba. Wanda ya zo na ƙarshe ba'a ce kawai zai sha har washegari, amma ba'ar tela ta fi bulala zafi. Bakinsa ba ya hutawa. Baba kuwa ba ya barin ko ɗaya ta faɗi ƙasa, sai ya mayar. Ina cikin gida ina jiyo su, tsofaffi huɗu da furfura suna faɗa a kan 'ya'yan roba kamar yara.

Ga wanda bai san wasan ba: kowa yana da 'ya'ya huɗu a gida, ba ya fitar da ɗa sai ya jefa ƙwaya ta ba shi shida, kuma in ɗanka ya sauka a gurbin ɗan wani, ka ci shi ke nan, ya koma gida ya sake jiran shida. Ƙwayar 'yar mitsitsiya ce ta roba, ɗigonta baƙi, ana kaɗa ta cikin gwangwani a kife.

Da idon ya tafi, Baba bai bar tabarma ba. Shi ke kaɗa gwangwaninsa ya kife, su faɗa masa abin da ya fito, ya ce a matsar masa da ɗa kaza. Allon duka a kansa yake riƙe da shi. Makonnin farko ya sha kashi, don wani lokaci yakan manta inda 'ya'yan direba suka tsaya. Wata rana ina shanya a tsakar gida sai na ji tela yana cewa, “Mushe, da ido ma ba ka iya ba, balle yanzu.” Suka kwashe da dariya, har da Baba. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai.

Ungozoma ce ni, kuma aikin ya ɓata ni. Na saba in ba da umarni a bi, na saba gyara wa mutane rayuwa ba su tambaye ni ba. Washegari da safe na yafa mayafi na tafi gidan tela. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na sauke masa abin da na ɗauko. Na ce mutumin nan ya rasa ido, abin da ya rage masa a duniya wannan zaman ne, ku riƙa lallaɓa shi, ku bar shi ya riƙa ci. Tela ya girgiza kai.

“Ɗiyata,” ya ce, “kin san abin da kike roƙo?”

Na ce na sani. Ban sani ba.

Daga ranar Baba ya fara ci. Ya kife gwangwani, a ce shida. Ya sake, a ce shida. 'Ya'yansa suka riƙa ratsa allo ba mai taɓa su, ba'a ta ɗauke, aka koma “sannu Mushe” da “ka gode Allah, Mushe”. Na ji daɗin kaina sosai. Na lura dai yana shigowa gida shiru, ba ya kawo mini labarin wasa kamar da, amma na ɗauka gajiya ce.

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana koyar da lissafi muka zaɓa mu yi wa ƙaryar lamba. Daga baya direba ya ba ni labarin yadda abin ya ƙare. Ran nan Baba ya ɗauki ƙwayar ya yi ta juya ta a hannu yana hira, yana bin ɗigon da farce a hankali har ya gano fuskar ɗaya. Ya ajiye ta a kan allo da ɗayan a sama, ya kifa gwangwani a kanta da sauri kamar ya kaɗa, ya ɗaga. Tela ya ce, “Shidda, Mushe.” Baba ya ce, “To, madalla.” Ya laluba sandarsa da takalmansa ya shige gida.

Ya fi wata bai sake fita tabarma ba. Masallaci da ɗaki, ɗaki da masallaci, sai rediyo a gefen kunne. Abokan suka zo kwana biyu suna sallama, ya aika a ce yana hutawa, har suka gaji suka daina. Tuwon da nake kai masa rabi yake dawowa. Na san ni na yi wannan aiki, kuma na kasa buɗe baki in faɗa masa. Tsoro nake ji kada ya mutu a ɗakin nan yana ganin abokansa na shekara arba'in sun mayar da shi abin tausayi.

A nan taubashina ya shigo labarin. Ɗan ƙanwar Baba ne, don haka tun muna yara ba mu gaisawa sai da tsiya. Shi yana ce mini uwar ɗakina da bakin ba'a, ni ina ce masa abin da ya zo bakina. A ajin Baba ya yi karatu a Afala, kuma duk dangi sun san lissafi ya ƙi shiga kansa, kunnensa ya sha murɗa har ya gaji ya bar lakwal. Ya bi samarin Adar ci-rani zuwa Abijan, ya daɗe can a wurin masu aikin katako, ya dawo da furfura biyu-uku da wani inji a cikin akwati. Ya buɗe wurin aikinsa a bayan kasuwa, yana yin ƙofofi masu zane da allunan shaguna. Ni ban taɓa ɗaukar sana'arsa da daraja ba. Kafintan da inji ke yi wa aiki, haka nake kiransa a gaban kowa.

Duk Juma'a yakan zo gaida kawunsa. Wannan Juma'ar ya fito daga ɗakin Baba ya tare ni a zaure, ya ce ina tabarma. Na ba shi labarin, na cire kaina daga ciki. Ya saurara yana sosa gemu.

“Ke kinka yi wanga aiki,” ya ce. “Tela ba shi fara tausai da tsufa.”

Na buɗe baki zan yi masa masifa, sai hawaye suka riga ni. Bai yi mini dariya ba, kuma wannan ne karo na farko a rayuwarmu da ya samu dama irin wannan ya bar ta.

“Ki zaka wurina jibi,” ya ce. “Kawu ido ya rasa, ba yatsa ba.”

Na je. A ranar na fara ganin injin da idona, bayan shekarun da na yi ina zaginsa. Girmansa bai wuce butar shayi babba ba, da hannuwa biyu da ake riƙewa, da ɗan gilashi a sama irin na waya, da haƙori ɗaya a ƙasa mai juyawa yana cin katako. Kafin ya fara sai ya manna wani sikoci, wato salatif, mai ɗigo baƙi da fari a kan teburin, layi-layi. Ya ce da wannan injin ke gane inda yake, don yana da ido a goshi. Zanen da ya shirya a kwamfuta sai ya fito a gilashin kamar an shimfiɗa shi a kan katakon. Shi zai tura injin da hannu yana bin layi, haƙorin kuma yana gyara 'yar karkatar da hannun mutum ba ya rasawa. In ya kauce da yawa, haƙorin ya janye sama da kansa, ya ƙi yanka.

“Ka gani,” na ce, “ko ni sai in yi.”

Ya miƙo mini. Na riƙe, na tura a kan wani guntun katako, ban kai tsawon yatsa ba haƙorin ya janye har sau uku. Ya karɓi abinsa, na ga bakinsa yana motsi, yana danne dariya.

Ya riga ya yanko ɗan dunƙulen katako mai fuska shida, girman lemon tsami, daga ragowar wata ƙofa. Ya sassaƙa masa gurbi a cikin wani katako mai kauri, ya zaunar da shi ciki daram, fuskarsa daidai da saman teburin. Ya huda rami ɗaya, ya ciro shi ya juya, ya huda shida a bayansa, haka har fuskokin suka cika. Ramukan ya zurfafa su sosai don yatsan tsoho ya ji su. Kafin azahar ƙwaya ta fito, kyakkyawa, na miƙa hannu zan sa a jaka.

Ya hana ni. Ya tsuguna ya yi ta jefa ta a ƙasa, yana jefawa yana ɓata fuska. Sannan ya ɗebo ruwa a kwano ya saka ta ciki. Ta yi iyo, ta juya a hankali, shida ta fito sama. Ya danna ta da yatsa ya juya, ta sake dawowa shida. Ya yi haka ya fi sau goma.

Ya yi mini bayani, kuma abin ba wuya in an faɗa maka. Fuskar shida an cire mata katako har rami shida, ta yi sauƙi. Fuskar ɗaya rami guda aka cire mata, ta fi nauyi, don haka ita ke son kwantawa ƙasa ta ɗaga shida sama. A 'yar ƙwayar roba ba a jin bambancin, amma a wannan mai girma da zurfin ramuka ya fito fili. Ban da haka katakon kansa gefe ɗaya zuciyar icce ne, gefe ɗaya kusa da ɓawo, nauyinsu ba ɗaya ba.

Abin da na ce a lokacin har yau kunyarsa nake ji. Na ce to ai alheri ne, a bar ta haka, zai riƙa samun shida da yatsansa, ba wanda ya faɗa masa.

Taubashina ya tsamo ƙwayar daga ruwa, ya goge ta da gefen riga.

“Uwar ɗakina,” ya ce, “kin yi mishi ƙarya da bakin mutane. Yanzu kina so in yi mishi da icce?”

Ya jefa ta cikin buhun guntayen da matarsa ke hura wuta da su. Na tashi na tafi ban yi masa sallama ba, ina tafiya ina zaginsa a zuci, ina kuma sane da cewa gaskiya ya faɗa.

Kwana biyar ban ji ɗuriyarsa ba. Ashe babur ya hau ya tafi Takanamat wurin gwaggo, mahaifiyarsa, ya roƙo wata tsohuwar taɓaryarta ta aduwa wadda kanta ɗaya ya tsage, aka jingine ta bayan rumbu tun muna yara. Gwaggo ta ɗauka ya zautu, mutum ya ƙona mai ya zo ɗaukar abin da ko mai tuya ba ta nema. Shi kuwa abin da yake so iccen da ya gama bushewa ne, wanda ba zai sake motsi ba, kuma ya ciro ƙwayar daga tsakiyarsa inda nauyi yake daidai ta kowane gefe.

Ya aiko a kira ni. Na je da niyyar in ɗan tsaya in wuce, na ƙare na wuni.

A jikin bangon wurin aikinsa na ga wani guntun katako cike da lambobi da fensir, an rubuta an soke, an sake rubutawa. Dabarar da ya fitar ita ce kowace fuska a cire mata katako daidai da 'yar'uwarta. Zurfin ramuka duka ɗaya, faɗinsu ne zai bambanta. Ramin ɗaya zai yi faɗi har tafin babban yatsa ya zauna ciki, na biyu su ragu, na uku su ƙara raguwa, har a kai na shida, ƙanana kamar ƙwayar wake, amma in an haɗa su shidan su ci abin da gudan nan ya ci. Na tambaye shi ko injin ne ya yi masa lissafin. Ya ce inji yanka ya sani, ba ya sanin dalili.

Na zauna a kan wani benci na zuba masa ido. Mutumin da na sani da surutu da tsokana, da ya kama hannuwan injin sai ya zama wani. Ya sunkuya, ya kafa ƙafafu, numfashinsa ma ya rage. Ƙarar haƙori ta cika ɗakin, garin aduwa rawaya-rawaya yana tashi yana sauka a gashin hannunsa. Rami ashirin da ɗaya ne a jikin ƙwaya, kuma ban ga haƙorin ya janye masa ko sau ɗaya ba. Duk fuskar da ya gama sai ya ciro dunƙulen, ya hure gurbin, ya shafa da yatsa ko wani ɗan gari ya maƙale, don ya ce ƙwayar gari ɗaya a ƙasa tana iya karkatar da fuska. Yana kan fuskar biyar wuta ta ɗauke. Ni na yi tsaki, shi ko a jikinsa. Ya bar injin a inda yake, ya ɗauko wani faffaɗan katako ya nuna mini allon da ya riga ya yi, kowane gurbi an fafe shi rami, 'ya'yan kuma turaku ne ƙanana da ake cusawa, na kowane ɗan wasa da siffar kansa, wani mulmulalle, wani mai tsini, wani mai tsaga, wani shafaffe. Ban roƙe shi wannan ba. Ya ce in Kawu zai karanta ƙwaya da kansa, ai sai ya tafiyar da 'ya'yansa da kansa.

Da wuta ta dawo ya ƙarasa. Sauran aikin da hannu ya yi shi. Ya ɗauki takardar goge katako ya bi kaifin ƙwayar ɗaya bayan ɗaya, bakinsa yana ƙirga, duk kaifi adadin da ya yi wa ɗan'uwansa. Na yi masa magana a tsakiya ya ɗaga mini hannu in yi shiru, kuma na yi. Ya shafe ta da man gyaɗa ya bar ta ta sha, launinta ya koma kamar zuma. Sannan ya ɗebo ruwa a kwanon nan. Ya saka ta, ya juya, uku ta fito. Ya sake, biyar. Ya sake, ɗaya. Ta rasa gefen da za ta fi so. Bai tsaya nan ba, ya ba ni wake cikin gwangwani, ya zana gida shida a ƙasa, yana jefawa ina ajiye wake a gidan da ya fito, har bayana ya ƙage. Tsibin shidan suka tashi kusan kai ɗaya.

Na dube shi, gumi da garin katako sun yi masa fenti a fuska. Na ji girmansa ya cika mini ido, kuma na faɗa masa. Na ce daga yau na daina kiransa kafintan da inji ke yi wa aiki. Ya ce kada in daina, ba ya so in kamu da ciwo.

Ranar Juma'a muka shiga ɗakin Baba tare. Yana kishingiɗe da rediyonsa. Taubashina ya durƙusa ya gaishe shi, ya sa masa ƙwayar a tafin hannu. Baba ya jinjina ta, ya kai hanci.

“Aduwa ta,” ya ce. “Tsohuwa kuwa.”

“Taɓaryar inna ta, Kawu.”

Baba ya tashi zaune. Ya fara bin fuskokin da babban yatsa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ya je kan shida ya daɗe, ya juya bayanta ya sa yatsa cikin babban ramin, ya sake komawa kan shida. Ya duba biyu da biyar, ya duba uku da huɗu. Ina kallon fuskarsa tana buɗewa, irin fuskar da yake yi da can in yana gyaran takardun ɗalibai ya ci karo da wadda ta burge shi.

“Abin da gudan ga ya ci, shi shiddan ga sunka ci,” ya ce. “Don kak ta rinjaya. Wa ya yi maka lissahin?”

“Ni na, Kawu.”

“Kai? Kai da bakwai sau takwas ta gagara?”

“Hamsin da shidda, Kawu.”

“Ka makara da shekara talatin,” in ji Baba. Ya laluba har ya kamo kunnen taubashina, wannan kunnen da ya sha murɗa a Afala, ya riƙe shi ɗan lokaci bai murɗa ba, sannan ya sake.

Bai fita tabarma nan da nan ba. Ya sa na kawo masa akushi, ya yi kwana uku a ɗaki yana jefa ƙwayar ciki, yana taɓawa, yana ƙirga a kansa. Ban ga laifinsa ba, an riga an yi masa sau ɗaya. A rana ta uku na kai masa fura, na tsaya a bakin ƙofa na kasa tafiya. Na durƙusa na faɗa masa komai, zuwana gidan tela da abin da na roƙa.

“Na sani,” ya ce. “Tun ranar na san daga cikin gida ta hito. Ɗiyata, in mutum ya makance, abin da shika tsoro ba duhu ba na. Tsoro shikai a bar hwaɗa mishi gaskiya.” Ya kurɓi fura. “Tahi ki shimhiɗa tabarma. Ki aika a hwaɗa ma tsohwahhin banzan nan na warke.”

Bayan la'asar suka hallara, su uku, kowa yana sunkuyar da kai kamar masu zuwa gaisuwar rasuwa. Ni na laɓe a bayan ƙofar zaure. Baba ya ajiye allon katako a tsakiya da akushi a gabansa, ya kafa doka: kowa cikin akushin nan zai jefa, kuma ba mai buɗe baki sai shi ya taɓa ya faɗi lamba. Mai shayi ya ce hakan ya yi. Tela ya gyara zama.

Baba ya fara jefawa. Ƙwayar ta yi ƙara a cikin akushi ta tsaya. Ya ɗora yatsa.

“Guda,” ya ce, da ƙarfi kamar mai shela.

Sai da aka zagayo sau bakwai kafin ya samu shida ya fitar da ɗa. Wasan ya ci gaba, amma shiru ya yi yawa, ba a jin komai sai ƙarar ƙwaya da zubar shayi. Can ɗan Baba guda ya yi nisa, ya zagaye allo saura kaɗan ya shiga gida, ɗan tela kuma yana bayansa da gurbi huɗu. Tela ya jefa. Baba ya taɓa.

“Huɗu,” ya ce.

Ta tsagar ƙofa na ga hannun tela ya nufi wani ɗansa daban, can gefe, wanda ba ya cin kowa. Baba ya riga shi. Ya shimfiɗa tafinsa a kan allo, ya bi turakun da yatsa har ya samu nasa, ya ƙirga baya huɗu ya dafa kan na tela.

“Ga ɗana gabanka,” ya ce. “In ka tsallake shi, na tashi, kuma ba ni komowa.”

Tela ya janye hannunsa. Na ga ya goge ido da bakin hula. Sannan ya zare turken Baba, ya cusa nasa a gurbin, ya jefa wa Baba ɗansa a cinya.

“Koma gida, Mushe,” ya ce. “Shekara arba'in ina hwaɗa maka ba ka iya ba. An yi maka ƙwaya kamar kan jariri, an yi maka allo mai ramu kamar gonar dankali, dut da haka ga ka nan.”

“Ɗinkinka ma haka shike,” in ji Baba, “hannu guda ya hi guda tsawo, mutane sunka yi haƙuri da kai har ka tsuhwa.”

Direba ya fashe da dariya har ya ƙware da shayi. Daga nan ban ƙara gane maganar kowa ba, duk suka haɗa baki. Na zauna a ƙasan zaure na yi kukana son raina.

Taubashina bai zo ranar ba. Na kira shi a waya in ba shi labari, ya ce yana da ƙofar mutane a kan tebur, in bari sai Juma'a.

Ana kiran magariba Baba ya shigo, sanda a hannu ɗaya, ƙwayar a ɗaya, yana ta mita shi kaɗai, wai direba ma yau ya samu bakin magana, gobe za su gani. Na tare shi na karɓi sandar, na tambaye shi yadda aka tashi.

“Ni na zo na ƙarshe,” ya ce. “Sun cinye ni tas.” Ya tsaya a tsakar gida yana shaƙar iska. “Miyar kuka kinka yi? Ki cika min kwano yau.”